Ƙerarriyar Zuciya a Wasan Shiga-Riga: Darasi a Kan Kalmar "Zuciya" Daga Birnin Libreville

1.0 Gabatarwa

Akwai kalmomin da ɗalibi kan ɗauka ya gama saninsu tun a makon farko na koyon Hausa, sai daga baya ya tarar ashe a bakin ƙofarsu kawai ya tsaya. Kalmar "zuciya" tana cikinsu. Ƙamus zai gaya masa cewa wata tsoka ce a cikin ƙirji mai harba jini. Amma ranar da ya ji an ce wane ya yi zuciya ya bar gidan ubansa, ko an ce wance ba ta da zuciya, sai ya ga fassarar ƙamus ba ta kai shi ko'ina ba.

Wannan takarda za ta bi wata hanya ta daban domin fito da ma'anonin kalmar. Za a ɗauki mutumin da aka cire masa tsokar, aka sa masa na'ura a gurbinta, sannan a tambaya: waɗanne maganganu ne na Hausa suka daina aiki a kansa, waɗanne ne kuma suke nan daram? Irin wannan mutum ya wanzu a asibiti tun 1969, ya kuma cika wasannin da ake ginawa a kan ƙagaggun labaran kimiyya. Za a yi bayanin wasan, da na'urar, da sunan da ya dace da ita. Daga ƙarshe za a shimfiɗa dandalin wasa a Libreville, babban birnin Gabon, domin ɗalibai su gwada a aji. An zaɓi Libreville ne saboda gari ne da ake jin Hausa a kasuwa da masallaci, alhali Faransanci ne harshen asibiti da ofis. Don haka mai magana da Hausa a can kullum cikin neman kalma yake.

2.0 Wasan Shiga-Riga

Abin da ake nufi da wasan shiga-riga a nan shi ne wasan da mutane huɗu ko biyar za su zauna a teburi, kowa ya shiga rigar wani ƙagaggen mutum, ya riƙa magana da bakinsa yana yanke shawara a madadinsa. Mutum ɗaya ke jan ragamar labarin, shi ne za mu kira madugu. Shi ke bayyana gari da yanayi da abin da ya faru. Idan ɗan wasa ya yi niyyar wani abu mai haɗari, sai a jefa ƙwayar lido, lambar da ta fito ita ce za ta nuna ya ci nasara ko bai ci ba. Kowane ɗan wasa yana da takardar da aka rubuta ƙarfinsa da basirarsa da dukiyarsa da lambobi.

Shiga rigar wani ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A tashe yara kan zama tsoho ko malami ko maharbi. A wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa, a kalankuwa kuma samari kan raba wa junansu sarautu. Bambancin shi ne wannan wasan ba shi da 'yan kallo, kuma dokokinsa a rubuce suke cikin littafi. Na fara ganinsa ne a ɗakin kwanan ɗalibai lokacin da nake karatu a Turai, abin da ya ja hankalina kuwa shi ne yadda mutane kan shafe awa huɗu suna magana ba wanda ya tilasta musu. Duk malamin harshe ya san tsadar wannan.

Wasan farko da ya yi suna shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, duniyarsa kuwa ta dodanni da matsafa ce. Daga baya aka sami masu kai 'yan wasa duniyar ƙagaggun labaran kimiyya, irin tafiyar da Umaru Dembo ya yi da masu karatun Hausa a littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya na 1969. Biyu daga cikinsu sun shafi batunmu. Na farko shi ne Cyberpunk na Mike Pondsmith, wanda ya fito a 1988 aka sabunta shi a 1990. Na biyu shi ne Shadowrun na 1989. A cikinsu mutum yana iya shiga shago ya sayi ido ko hannu ko wata gaɓa ta na'ura. A wasan kwamfuta na Cyberpunk 2077, wanda ya fito a 2020, har akwai zuciya ta biyu da kan tayar da ɗan wasa idan ya faɗi.

Sai dai akwai wata doka da ta kamata ɗalibi ya riƙe. A Cyberpunk na 1990 kowace na'ura da aka dasa wa mutum tana rage masa makin mutuntaka. Duk maki 10 da ya rasa, sai tausayinsa ya ragu da mataki ɗaya, idan ya ƙare sai ya haukace ya zama abin tsoro, madugu ya karɓe rigar daga hannun ɗan wasa. A Shadowrun kowa yana farawa da maki 6 na ainihin kansa, na'urori su yi ta ci, idan ya kai sifiri ya mutu. Wato dai masu wasannin sun ɗauka cewa ƙarfe a jiki yana cinye hali. Za mu auna wannan zato da asibiti, sannan mu auna shi da Hausa.

3.0 Na'urar a Zahiri

Zuciyar baligi tana bugawa kimanin sau 100,000 a rana, tana tura jini wajen lita 5 a minti ɗaya idan yana hutawa. Tana da ɗakuna huɗu. Na ƙasa guda biyu su ne masu aikin ƙarfi: na dama ya tura jini huhu, na hagu ya tura shi sauran jiki. Waɗannan biyun ake cirewa a sa na'ura. Wannan ya bambanta da dashen zuciya, inda ake ɗauko zuciyar wanda ya rasu a sa wa mai rai, aikin da Christiaan Barnard ya fara yi a asibitin Groote Schuur na birnin Cape Town a Afirka ta Kudu ranar 3 ga Disamba, 1967.

A watan Afrilun 1969 Denton Cooley ya sa wa wani majinyaci na'urar da Domingo Liotta ya ƙera, a birnin Houston na Amurka. Ta riƙe shi awa 64 kafin a sami zuciyar dashe. Ranar 2 ga Disamba, 1982, William DeVries ya sa wa Barney Clark, wani likitan haƙori, na'urar Jarvik-7 a Jami'ar Utah da niyyar ta zauna dindindin. Iska ce ke buga ta, ta tiyo biyu da suka fito ta cikinsa zuwa wani inji mai girman injin wanki. Ya rayu kwana 112 cikin wahala mai yawa, amma ya farka ya gane iyalinsa, ya yi magana da su. Jikanyar wannan na'ura ita ce SynCardia, wadda hukumomin Amurka suka amince da ita a 2004, injinta kuma ya ƙanƙance har ana goya shi a jaka.

A Faransa kamfanin Carmat, bisa tunanin likita Alain Carpentier, ya lulluɓe cikin tasa na'urar da tantanin zuciyar saniya domin jini ya rage daskarewa. An fara sa ta ranar 18 ga Disamba, 2013 a Paris, majinyacin ya rayu kimanin wata biyu da rabi. Sabuwar fasaha kuwa ita ce BiVACOR ta Daniel Timms, ɗan Ostareliya. Da ƙarfen titaniyom aka yi ta, ba ta da bawul, farfela ɗaya ce tak a cikinta wadda maganaɗisu ya rataye tana juyawa kamar ta injin ban-ruwa. An fara sa ta a Houston a watan Yulin 2024. A 2025 wani mutum a Sydney ya bar asibiti da ita, ya haura kwana 100 kafin a yi masa dashe. Tun kafin wannan ma, a 2011, likitoci a Houston sun haɗa famfo biyu masu juyawa suka sa wa wani majinyaci, ya rayu kimanin mako biyar ba a jin bugun jini a hannunsa.

Matsalolin da suka dami likitoci sanannu ne: gudan jini da kan jawo shanyewar ɓarin jiki, da ƙwayoyin cuta masu bin kafar da waya ko tiyo ya fito, da kuma wuta, domin batir awoyi kaɗan yake yi. A shekarun 1960 da 1970 Amurka ta kashe kuɗi tana neman yin zuciya mai aiki da makamashin nukiliya, daga baya ta watsar. Akwai kuma matsala ta huɗu: a 2025 kamfanin Carmat ya rasa kuɗin gudanarwa har ya kai kansa kotun kasuwanci. A duk wannan jerin babu asarar tausayi. Abin da ke wuyan mai na'ura shi ne dogaro, ga soket, ga likita, ga kamfani.

4.0 Wane Suna Za a Ba Ta?

Hausa tana da hanyoyi da dama na nuna cewa abu ba halitta ba ne, mutum ne ya yi shi. Sai dai ba kowace hanya ce ke karɓar kalmar "zuciya" ba. A duba waɗannan:

(a) Zuciyar ɗan'adam. An gina ta a kan "tauraron ɗan'adam". Ba ta yi ba, domin mai sauraro zai fahimci akasin abin da ake nufi.

(b) Zuciyar zamani. An gina ta a kan "takin zamani". Ita ma ta kauce, domin ta fi kama da sukar halin 'yan yau.

(c) Zuciyar ƙarfe. Ta dace da BiVACOR, amma kunnen Bahaushe zai fara jin jarumtaka ko rashin tausayi kafin ya ji na'ura.

(d) Zuciyar bogi ko jabun zuciya. Waɗannan suna ɗauke da ma'anar zamba, ba kuma za a faɗa wa majinyaci su ba.

(e) Zuciyar wucin-gadi. Wasu 'yan jarida kan yi amfani da "wucin-gadi" ga duk abin da ba na asali ba, alhali ma'anarsa ita ce abin da ba zai daɗe ba. A nan kuskuren ya faɗa daidai, domin akasarin na'urorin ana sa su ne kafin a sami zuciyar dashe. Amma ba ta dace da ta Barney Clark ba, balle ta cikin wasa.

(f) Zuciyar roba. An gina ta a kan "ƙafar roba" da "hannun roba", inda "roba" ta riga ta faɗaɗa ta koma nufin gaɓar da aka ƙera. Ita ce ta fi sauƙi a baki.

(g) Ƙerarriyar zuciya. Sifa ce da aka samo daga aikatau "ƙera": ƙerarre, ƙerarriya, ƙerarru. Jam'i shi ne ƙerarrun zukata. Ba ta ambaci roba ko ƙarfe ba, ba ta kuma yanke wa mai ita hukunci ba.

Shawarar wannan takarda ita ce a yi amfani da (g) a rubutu, a bar (f) ga hira. Abin lura shi ne (a) da (b) da (c) duk a wuri ɗaya suka yi tuntuɓe: da zarar an jingina "zuciya" da wani suna, sai ma'anar hali ta riga ma'anar tsoka isa kunne.

5.0 Tsoka da Hali

A dubi waɗannan jumloli, a riƙa tambaya ko za a iya faɗinsu a kan mai ƙerarriyar zuciya.

Rukunin A:
(1) Zuciyarsa tana bugawa da sauri.
(2) Likita ya ce zuciyarsa ta kumbura.

Rukunin B:
(3) Ya yi zuciya ya bar garin.
(4) Yana da zuciya, ba ya roƙo.
(5) Mutuwar zuciya ce ta hana shi sana'a.
(6) Ya ba ni da zuciya ɗaya.
(7) Son zuciya ne ya sa ya cinye gadon marayu.
(8) Ya kai zuciya nesa.

Rukunin C:
(9) Ɗansa ya sa masa ciwon zuciya.
(10) Ya haɗiyi zuciya ya mutu.

Jumlolin Rukunin A suna iya faɗuwa. Farfela ba ta kumbura, kuma mun ga wanda ya rayu babu bugu. Na Rukunin B kuwa ko ɗaya ba ta motsa ba. Mai na'ura yana fushi kamar a (3), yana da kishin kai kamar a (4), yana iya zama malalaci ko mai gaskiya ko mai haɗama ko mai haƙuri. Ashe zuciyar da ke cikin waɗannan jumloli ba ta taɓa zama a ƙirji ba, suna ce ta wurin da so da fushi da niyya suke fitowa. Ita ce ta karin maganar nan, "Labarin zuciya a tambayi fuska." Rukunin C ne mahaɗa, inda Bahaushe ya lura cewa baƙin ciki yana taɓa tsokar kanta.

Akwai shaidu biyu daga nahawu da ke ƙarfafa wannan rabo. Na farko, gajeruwar siga "zuci", wadda ke nuna wuri kamar yadda "ka" take ga "kai" da "baka" ga "baki", galibi ga hali take tafiya: a zuci, zancen zuci, wadatar zuci. Ba kasafai ake jin "likitan zuci" ba. Na biyu, Hausa ba ta tara ji duka a zuciya ba. Murna da damuwa a ciki suke: farin ciki, baƙin ciki. Ɓacin rai na rai ne, tashin hankali na hankali ne, firgita kuwa "gabana ya faɗi" ake cewa. Ɗalibin da harshensa ke ɗora waɗannan duka a kan zuciya sai ya kiyaye, kada ya ce "zuciyata ta yi farin ciki" a duk inda "na ji daɗi" ta wadatar.

Saboda haka dokar makin mutuntaka ta cakuɗa Rukunin A da Rukunin B ne. Ba kuma ƙaramin kuskure ba ne, domin a cikin 'yan wasa akwai masu ƙafar roba da masu bawul na ƙarfe a ƙirji. A Afirka irin waɗannan bawul sau da yawa matasa ake sa wa, waɗanda ciwon maƙogwaro da ba a magance ba tun suna yara ya lalata musu zuciya. Masu Cyberpunk da kansu sun gyara: a bugun Cyberpunk RED na 2020, gaɓar da aka sa wa mutum don magani kawai ba ta rage masa komai.

6.0 Dandalin Wasa: Libreville a 2080

Da farko ga abin da madugu zai sani na gaskiya. Libreville tana bakin teku inda kogin Komo ya shiga Atlantika. An kafa ta a 1849 aka zaunar da bayin da sojan ruwan Faransa suka ƙwato daga jirgin masu fataucin bayi, sunanta ma yana nufin garin 'yantattu. Hausawa sun shiga arewacin Gabon ta Kamaru da fatauci tun wajen ƙarshen ƙarni na 19, suka zauna a garuruwa irin su Bitam da Oyem. A Libreville kuma sun haɗu da 'yan'uwansu daga Nijar da Nijeriya, musamman a kewayen babbar kasuwar Mont-Bouët. A can za ka ji wani ya ce likita wani ya ce lokotoro, wani ya ce batir wani ya ce pil. Gabon tana cikin manyan masu haƙo manganis a duniya, ma'adinin da ake sawa a ƙarfe da batir, jirgin ƙasa ke kawo shi daga Moanda zuwa tashar ruwa ta Owendo. Wani kaso na wutar birnin daga madatsun Kinguélé da Tchimbélé yake zuwa, kuma a 2024 da 2025 mazauna sun sha fama da ɗaukewar wuta.

Daga nan sai ƙage. Shekara ta 2080 ce. Wani Alhaji, ɗan kasuwar Mont-Bouët, ya karɓi ƙerarriyar zuciya bashi, yana biya wata-wata. Kamfanin ya karye, wani ya sayi bashin, ya kuma ninka kuɗin. Riguna huɗu ne: Alhaji, da 'yarsa, da likita, da wakilin sabon kamfani. An soke makin mutuntaka. A takardar Alhaji lambobi biyu ne kawai, awoyin da suka rage a batir da sefar da ake binsa. Duk minti goma madugu zai jefa ƙwayar lido, idan 1 ko 2 ta fito an ɗauke wuta, a rage awa ɗaya. Ga misalin yadda hira kan fara:

Wakili: Ranka ya daɗe, ni ɗan aike ne. In ba a biya ba zuwa Juma'a, ba za a sabunta batir ba.

'Yar Alhaji: Malam, kai ba ka da zuciya ne?

Alhaji: Bar shi, 'yar nan. Ni ne ba ni da ita, tasu ce nake haya.

Likita: Alhaji, a kai zuciya nesa. Fushi ba zai ƙara mana awa ko ɗaya ba.

A lura da yadda 'yar ta yi magana a Rukunin B, da ma'anar tausayi, uban ya mayar da ita Rukunin A da gangan, likita ya dawo da ita B. Ɗalibin da ya iya wannan juyi ba tare da an nuna masa ba ya mallaki kalmar. Madugu ya ba da maki ɗaya ga kowace magana ta Rukunin B da aka sa a muhallinta, ya kuma cire ɗaya ga wanda ya kira Alhaji ba da girmamawa ba.

7.0 Kammalawa

An ga cewa ƙerarriyar zuciya ta fara ne da awa 64 a 1969, ta kai yau ana fita asibiti da ita. An ga kuma cewa "zuciya" a Hausa tana da fuska biyu, tsoka da hali, kuma na'ura fuska ɗaya kawai take maye. Wasannin farko sun sa ɗan wasa ya ji tsoron ƙarfen da ke ƙirjinsa. Tarihin asibiti da maganganun Hausa sun nuna cewa abin tambaya shi ne wa ke riƙe da batir, kuma nawa ake bin mai shi.

8.0 Jinga

1. Kawo jumloli biyar na Rukunin B waɗanda ba a ambata ba, ka bayyana ma'anar kowace.
2. Shin za a iya cewa "gabansa ya faɗi" ga mutumin da farfela ke tura jininsa? Kare amsarka cikin layi goma.
3. Bambanta "zuciyar inji" da "injin zuciya" ta fuskar nahawu da ma'ana.
4. Ku kasu huɗu-huɗu ku buga wasan sashe na 6.0 na minti talatin, sannan kowa ya rubuta wasiƙar da mai rigarsa zai aika wa ɗan'uwansa a Maraɗi ko Kano a daren Alhamis.